Ku Tambaya Mu Amsa: Sayar da abinci a ƙunshe da kai wa gida lokacin annoba

Saƙonnin wannan fitowa daga masu gidajen abinci na Maraɗi suka fito, kuma duk a kan abu ɗaya suke: yadda za a ci gaba da sana'a idan annoba ta hana mutane zama a benci. A ranar 19 ga Maris 2020 aka samu mutum na farko da korona ta kama a Nijar, a cikin waɗannan kwanaki kuma aka rufe makarantu da masallatai da iyakoki. A 2018 da 2021 kuma kwalara ta shiga jihar Maraɗi. Kowane karo mai abinci na cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu. Ga abin da ya sawwaƙa.

Daga wata Hajiya a unguwar Ali Ɗan Sofo: Kala tara nake dafawa a rana. Tun da na koma ƙunshewa, masu saye ke ƙorafi wai abincina ya canza, alhali hannuna bai canza ba. Ina matsalar take?

Hajiya, hannunki na nan yadda yake. Abincin da aka zuba a faranti aka ci nan take daban ne da wanda ya yi minti talatin a rufe cikin roba yana shan tururinsa. Abinci bai daina dahuwa don an sauke tukunya. Taliya da makaroni sukan ci gaba da nuna a cikin roba har su caɓe, don haka ki sauke su da sauran ƙarfinsu, kamar minti biyu kafin lokacin da kika saba, ki tsane, ki ɗan garwaya da mai. Ɗan wake yakan manne ya zama dunƙule ɗaya idan ba a shafe shi da mai tun da zafinsa ba, kuma ko an shafa, bai son tafiya mai nisa.

Abin suya ya fi kowa shan wahala. Ƙosai, awara, soyayyen dankali, soyayyen kifi: da zarar kin rufe su ruf, tururi ya taru a murfi ya ɗigo musu, sai su yi laushi. Waɗannan takarda suke so, ko roba da aka huda wa murfi ƙofa uku ko huɗu da tsinke. Kada kuma ki ɗora su a kan shinkafa mai zafi.

Waɗanda ke jure hanya su ne shinkafa da wake, dafa-duka, dambu, tuwo kowane iri, farfesu da naman miya. Su ma da sharaɗi: miya dabam, tuwo dabam, kullum. Miyar kuka da ta kuɓewa ki zuba su a robar da murfinta ke kamawa, kada ki cika ta har baki, ki bar kamar faɗin yatsa biyu, domin miya mai zafi takan tura murfi. Yaji da mai da albasa kowanne da ƙullinsa. Latas, tumatir da kwaɗon zogale kada su kwanta jikin abu mai zafi, ledarsu dabam.

Sannan kala tara ta yi yawa. Ki rage zuwa huɗu ko biyar, ki zaɓi waɗanda miya ɗaya ke iya raka biyu daga cikinsu. Tukunya tara na nufin wasu za su jima suna jiran mai saye, kuma a wannan sana'a abincin da ya zauna shi ne asara, shi ne kuma ciwon ciki.

Daga wani mai gidan abinci kusa da tasha: Ina dafa shinkafa da asuba in zuba a kula, in yi ta sayarwa har la'asar. Sau biyu ke nan ana ce mini an ci an yi amai. Shinkafar ba ta yi wari ba, ba ta yi yauƙi ba. Sharri ake mini ko kuwa?

Malam, ba lalle sharri ba ne, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a cikin duk waɗanda muka samu.

Ɗanyar shinkafa tana ɗauke da irin wata ƙwayar cuta da tafasa ba ta kashewa. Muddin shinkafar na da zafi sosai, ƙwayar ba ta motsi. Idan ta huce ta koma ɗumi-ɗumi, sai ta farka ta hayayyafa, ta zuba dafi a cikin abincin. Wannan dafi bai da wari, bai da ɗanɗano, kuma sake ɗumamawa bai karya shi. Alamarsa ita ce amai cikin awa ɗaya zuwa biyar bayan an ci. Abin da masu sayenka suka faɗa ya yi daidai da wannan.

Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce: abinci mai zafi ya tsaya sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5. Tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke walwala. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a wannan tsakani, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce kawai. Kai ka san Afrilu da Mayu a Maraɗi, rana na wuce 40. Ke nan a bazara awa ɗaya gare ka.

Kula ba murhu ba ce, jinkirta hucewa kawai take yi. Duk buɗewar da aka yi mata zafi na fita, kuma kular da ta koma rabi ta fi cikakkiya saurin hucewa. Abin da za ka yi:

Ka raba dahuwar gida biyu ko uku. Ta rana a sauke wajen ƙarfe 11, ta dare bayan la'asar. Itace ko gas zai ƙaru, amma bai kai asarar suna ba. Kafin a zuba abinci a kula, a cika ta da tafasasshen ruwa a rufe minti 10, a zubar, a zuba abincin yana tururi. Ƙananan kuloli uku sun fi babba ɗaya, don ana buɗe ɗaya sauran na rufe. Miya ta zauna a kan garwashi tana ɗan motsi, ba a gefe ba. Ka nemi ma'aunin zafin abinci mai tsinin ƙarfe, ka riƙa soka shi tsakiyar kula duk awa ɗaya. Ya sauka ƙasa da 60, agogonka ya fara lissafi. Kaza kuma sai tsakiyar cinyarta ya kai 75, babu ja a jikin ƙashi.

Abin da ya rage kana son ajiyewa, kada ka tura tukunya sukutum cikin firji, tsakiyarta zai kwana da ɗumi. Ka baza a faranti mai faɗi, kaurinsa kada ya wuce yatsa uku, ya sha iska, ya shiga firji kafin awa ɗaya. Gobe a ɗumama sau ɗaya tak, har ya yi tururi ko'ina. Idan an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4. Firiza cikakkiya kwana biyu, mai rabi kwana ɗaya. Yaron da ke buɗewa kowane lokaci don ɗauko ruwan sanyi shi ke rage wannan lokaci, don haka ruwan sha ya samu kularsa da ƙanƙararsa dabam.

Daga wata matashiya a unguwar Zariya: Daga gida nake dafawa ina tallatawa a WhatsApp. Ciniki na tafiya, amma ƙarshen wata ba na ganin kuɗi. Ɗan kabu-kabu ne ke cinye ribar?

Ƴar'uwa, ɗauko takarda mu yi lissafi. Alƙaluman nan misali ne, ki sa naki a gurbinsu. Mu ce kwano ɗaya sefa 1000. Cefane da itace da ladan mai taya ki aiki sun ci 600. Roba biyu, leda da cokali sun ci 100. Saura 300. Idan ɗan kabu-kabu ya karɓi 300 ya kai wannan kwano ɗaya, kin yi wa mutane girki kyauta. Idan kuwa tafiya ɗaya ya ɗauki ƙunshi huɗu na unguwa ɗaya, kika ba shi 600, kowane kwano 150 ya ci, kin tsira da rabi. Duk dabarar kai wa gida a nan take: ƙunshi nawa ke kan babur a tafiya ɗaya.

Saboda haka ki daina tura babur duk lokacin da waya ta yi ƙara. Ki sa lokutan fita, misali 12 da rabi, 1 da rabi, sai bayan magariba, ki kuma sanar cewa ana rufe karɓar saƙo awa ɗaya kafin kowace fita. Ki raba gari shiyya-shiyya da kuɗin kowace: unguwarku da maƙwabtanta farashi ɗaya, su Bagalam, Mokoyo da Maradawa wani farashi, wajen jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo wani. Mai saye ya san kuɗin kai wa tun kafin ki ɗora tukunya, kuma a rubuta shi dabam da kuɗin abinci. Duk inda babur zai wuce minti 20 kafin ya isa, ko dai a sayi kwano uku zuwa sama ko a aiko a ɗauka. Tibiri da Jiratawa sai odar taro.

Ma'aikatu sun fi gidaje riba. Ofis ɗaya, ko ma'aikatan likita da ke kwana a bakin aiki lokacin annoba, kwano goma ne a ƙofa ɗaya. Ki nemi mutum ɗaya a cikinsu da zai riƙa tara suna da kuɗi, nasa kwanon ki rage masa.

Game da ɗan kabu-kabun: ki tsayar da mutum ɗaya ko biyu da aka san gidansu da wanda ya tsaya musu, maimakon tare duk wanda ya gifta. Biyan kowace tafiya ya fi sauƙi idan saƙo bai da yawa. Idan fita ta kai biyar a rana, jinga ta yini da kuɗin mai ta fi araha. Ku yi magana tun farko a kan wanda zai biya idan miya ta zube. Kuma kada a rataya leda a hannun babur. Rairayin unguwanninmu da ramukan da damina ke bari sukan sa babur rawa, leda ta yi ta lilo tana bugun tanki. A ɗaure kwando ko kula a bayan babur da igiyar roba, a jera robobi a kwance, masu nauyi a ƙasa, a cusa tsumma mai tsabta ko kwali a tsakani don kada su motsa. Zoɓo, fura da nono kada su shiga kula ɗaya da abinci mai zafi. Kowanne zai ɓata ɗan'uwansa.

Abin da ke cinye lokaci kuma shi ne neman gida. Da yake kwatance muke yi ba lamba ba, ki karɓi abu uku: alamar da kowa ya sani (masallaci, makaranta, famfo), launin ƙofa, da lambar wanda zai fito. Wanda ya iya ya turo wurinsa ta taswirar WhatsApp. Gidan matan aure ɗan kabu-kabu ba zai shiga ba, to ya kira tun saura minti biyar a tanadi yaron da zai karɓa, ba ya tsaya ƙofa yana ta sallama sauran ƙunshi uku na hucewa a bayansa ba. Ki rubuta kwatancen kowane gida a littafi, kada a sake tambaya gobe.

Daga wani dattijo mai tsire da balangu a Sabon Gari: Lokacin korona an ce takunkumi da tazara. Da kwalara ta zo aka ce wanke hannu da ruwan jabel (ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta). Wanne ne gaskiya? Kuma jabel ɗin yaya ake haɗa shi?

Baba, duka gaskiya ne, hanyar cutar ce ta bambanta. Korona ta numfashi ce, daga mutum zuwa mutum, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu shaidar ana ɗaukarta ta abinci. Haɗarinka a nan shi ne cunkoson da ke gaban tukuba, da ƙaramin ɗakin girki marar taga. Kwalara kuwa ta baki take shiga, daga ruwa ko abincin da bayan gidan mai cutar ya taɓa, ta hannu ko ta ƙuda. Takunkumi bai tare ta.

Idan ta numfashi ce: a sa tebur a ƙofa ya raba mai saye da mai sayarwa, a ja layi a ƙasa da toka ko farar ƙasa, aƙalla mita ɗaya tsakanin mutum da mutum. A ɗauke bencina gaba ɗaya, don Bahaushe in ya ga benci sai ya zauna. Wanda ya yi waya a ba shi lokacin zuwa, ya tarar an naɗe. Ƴan kabu-kabu su jira a waje, ba cikin ɗakin girki ba. Takunkumin da ya jiƙe da gumi a bakin wuta a canza shi, don haka kowane ma'aikaci ya zo da biyu ko uku.

Idan kwalara ce: ruwa ne abin tsaro. Ruwan wanke hannu, na wanke kwano, na dama fura, na zoɓo, da ƙanƙara. Wanda ba na famfo ba a tafasa, ko a sa masa ƙwayar Aquatabs gwargwadon abin da aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. A daina roba ɗaya da kowa ke tsoma hannu. A sa bokiti mai famfo ko buta, da sabulu, ruwa na zuba yana wucewa. Naman da ya fito daga wuta lafiyarsa lau, abin tsoro shi ne ɗanyar albasa, tumatir da kabejin da ake yankawa a kai, da wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen nama. Wuƙa biyu, katako biyu. Idan cutar ta yi ƙamari a gari, a ajiye ɗanyen ganye har ta lafa.

Haɗin jabel: ka duba ƙarfinsa a jikin kwalba. Idan an rubuta kashi 2.6 cikin ɗari, kofin shayi 1 na jabel da kofi 25 na ruwa ya ba ka haɗin shafe tebur, hannun ƙofa da kular babur lokacin korona, wato kashi 0.1. Don kwanoni da wurin aiki lokacin kwalara ana son ninkinsa, kashi 0.2: kofi 1 da kofi 12 na ruwa, a jiƙa minti 10, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a kife su bushe da kansu ba tare da gogewa da tsumma ba. Na wanke hannu idan babu sabulu shi ne marar ƙarfi, kofi 1 da kofi 50. Wasu kwalabe da digiri ake rubuta ƙarfinsu. Ka ninka lambar digirin da 0.3, ka samu ƙarfinsa a kashi cikin ɗari. Mai digiri 12 ya kai kusan kashi 3.6, shi kofi 35 na ruwa yake so a haɗin tebur.

Inda mutane ke kuskure: suna zuba jabel a kan maiƙo. Maiƙo da datti na kashe ƙarfinsa, sai an fara wankewa da sabulu. Rana da zafi ma na kashe shi, don haka a haɗa sabo kowace safiya a ajiye a inuwa cikin jarka mai murfi da aka rubuta wa suna, nesa da yara. Kada a gauraya shi da wani maganin wanki, yakan tayar da iska mai shaƙe mutum.

Daga wani matashi a Sura Bildi: An sha yi mini odar ƙarya, ko a turo hoton biya alhali kuɗi bai shigo ba.

Hoton allo ba kuɗi ba ne, saƙon da aka tura maka daga wata lamba ma haka. Ka buɗe asusunka na Airtel Money ko Moov ko Nita da kanka ka ga kuɗin ya ƙaru, sannan babur ya tashi. Baƙon da ba ka sani ba ya biya tukuna, ko ya ba da rabi idan odar babba ce. Saƙon murya ka mayar da shi rubutu ka tura wa mai shi: kala, adadi, kuɗi, lokaci, ya amsa da "to". Rabin rigimar "ba haka na ce ba" a nan take mutuwa.

Mai biya hannu da hannu a tambaye shi takardar nawa zai bayar, a ƙulla canjinsa a leda tun daga shago. Mai biya da naira ka tsayar masa da farashin canji kowace safiya. Wanda ke karɓar kuɗi kada ya zuba abinci. In kai kaɗai ne, ka wanke hannu tsakanin biyun. Bashi kuwa, lokacin annoba kowa na da uzuri, kuma uzurin gaskiya ne, amma ka sa wa kowane mutum iyaka, ka rubuta.

Daga wata uwargida a Burja: In zuba miya mai zafi a baƙar leda, ko in riƙa aikawa da kwanonina a dawo mini da su?

Baƙar leda ba don abinci aka yi ta ba, balle mai zafi da mai. Tun 2014 ma akwai dokar da ta hana irin waɗannan ledoji a Nijar, ko da yake kasuwa cike take da su. Farar roba mai kama da soso takan narke idan mai ya yi zafi sosai. Ki nemi robar da ke da lamba 5 ko harufan PP a gindinta, ita ke jure zafi. Da yake yawancin robobin daga Najeriya suke shigowa, kuma kin ga yadda aka rufe iyaka a Agustan 2019 ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020, ki riƙa ajiye na sati biyu.

Kwanon da ke zuwa yana dawowa ya fi araha ga masu saye na kullum, amma ya dawo ta ƙofar wanki, ba ta wurin zuba abinci ba: sabulu, ruwan jabel, ɗauraya, shanya. Wanda ya zo da kwanonsa daga gida ya riƙe abinsa ko ya ajiye a tebur, a zuba masa ba tare da ludayi ya taɓa kwanon ba.

Daga wani Alhaji mai ma'aikata shida: Idan yarona ya tashi da zazzaɓi ko gudawa, in sallame shi?

Alhaji, kada ka sallame shi, ka tura shi likita, kuma ka ci gaba da ba shi ko da rabin ladansa. Yaron da ya san ranar da bai zo ba babu ko dala zai ɓoye ciwonsa ya zo ya tsaya kan tukunyarka. Mai amai ko gudawa kada ya taɓa abinci sai ya yi awa 48 da warkewa. Idan gudawar kamar ruwan shinkafa ce, wannan ba ta jiran gobe: a kama hanyar likita nan take, ana ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ga korona, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa a 2020 shi ne kwana 10 daga fara ciwo, da ƙarin kwana 3 babu alama. Ka raba yaranka kashi biyu, na safe da na yamma, kada su haɗu, don idan ciwo ya shiga kashi ɗaya shago bai rufe ba.

Daga wata mai kunu da ƙosai a Limanci: Azumin 2020 cikin korona ya zo, kowa kuma lokaci ɗaya yake son kayan buɗa baki. In haka ta sake faruwa yaya zan yi?

Inna, babur ɗaya ba zai kai gida ashirin cikin minti goman ƙarshe ba, ko wane ne ke tuƙa shi, kuma shi ma mai azumi ne. Ki rufe karɓar saƙo da azahar. Kayan sanyi, zoɓo da lamurje da fura, su fita tun la'asar cikin kula da ƙanƙara, masu gida su ajiye. Kunu ya bi baya a jarkar da aka ɗauraye da ruwan zafi, a cika ta har wuya don ta riƙe zafinta. Ƙosai shi ne na ƙarshe, kuma na unguwarku kaɗai. Na nesa ki sayar musu da ƙullun cikin sanyi su soya da kansu, don ƙullun wake bai jimawa a zafin bazara yake tsami. Masu zuwa ɗauka ki raba musu lokaci tun daga awa ɗaya kafin magariba, mutum biyar-biyar, kowane ƙunshi da sunan mai shi a jiki. Fita ta ƙarshe ta bar ƙofarki saura minti 40 a kira salla.